Gayyar da Aka Yi wa Malam Uwaisu

A daminar 1955, duk ƙasar Bungudu babu gonar da ta kai ta Malam Uwaisu muni, babu kuma mai gonar da ya kai shi ji da tasa. Malamin gona ne, ɗan Gusau, daga gidan da kowa ma'aikaci ne mai kujera da tebur. Shi kaɗai ya fita zakka, ya zaɓi ya riƙa murza keke har Furfuri yana durƙuso a gindin gero, ya dawo gida da ƙasa a gwiwar wando.

Gonar ta aro ce. Wani dattijo na Furfuri, Baba Labbo, shi ya ba shi, kuma ranar da ya ba shi sai da ya haɗa da ban haƙuri, don ƙuduji ya cinye ta tun zamanin ubansa. Wanda bai san ƙuduji ba, in ya hango shi cewa zai yi furen ado ne. A ƙarƙashin ƙasa kuwa maƙale yake da saiwar hatsi yana tsotsa, sai kara ya tsumbure ya ƙone a tsaye. Malam Uwaisu ya ce ai abin da ya fito nema ke nan. Ya kafa doka guda: a yi noma, a cire kowace irin ciyawa, amma kada wanda ya taɓa masa ƙuduji. Mutanen gari suka dubi juna. Suna son Malam ƙwarai, don yana cin tuwonsu yana zuwa jana'izarsu, amma sun yanke a ransu cewa boko ya ɗan taɓa shi.

Ba taɓuwa ba ce, bincike ne. A Gusau akwai wani asusu da attajiran gyaɗa da auduga suka haɗa don tallafa wa masu binciken iri, shi ke ɗauke da aikin Malam Uwaisu. Asusun ya samo wani sabon gero daga nesa, wanda manoma suka laƙaba wa Ɗan Ofis, ana shirin raba wa talakawa baɗi in gwaji ya yi kyau. Malam Uwaisu ya gwada shi bara, ya ga a ƙasa mai ƙuduji ba ya kai labari. Ya faɗa, aka ce masa ruwa ne bai yi ba. To bana sai ya raba gonar biyu da turaku. Gefe ɗaya ya shuka Ɗan Ofis. Ɗaya gefen ya shuka wani tsohon gero mai doguwar zangarniya da ake kira Zangon Arzika, da sunan kakan Baba Labbo wanda ya zo da shi garin. A yunwar da aka yi shekarun baya kowa ya cinye irinsa. Baba Labbo kaɗai ya ɓoye ɗan abin da bai cika ƙwarya ba, iyalinsa na kukan yunwa ya ƙi taɓawa, kuma daga cikinsa ya ɗiba wa Malam.

Kafin damina ta ja baya magana ta fito fili. Ɗan Ofis ya yi ja, ya kwanta, zangarkunsa ba su fi ɗan yatsa ba. Zangon Arzika kuwa yana tsaye, ƙuduji na kewaye da ƙafarsa, ya fitar da kai kamu guda. Malam Uwaisu yakan tsaya a kan iyakar yana duban dama da hagu, farin ciki ya cika shi. Abu ɗaya yake so a duniya: masu asusu su zo su tsaya inda yake tsaye, su fasa raba Ɗan Ofis, su sa ƙarfinsu a yawaita wannan ɗan iri da ya rage kafin ya ɓace.

Masu asusun kwamiti ne na mutum uku. Shugaba shi ne Alhaji Ummaru, babban mai sayen gyaɗa, mutumin kirki mai saurin kyauta da saurin yanke hukunci. Sai magatakarda, Malam Jibril, wanda ya fi sauraro da magana. Sai wani Bature mai ba da shawara, da mutane ke kira Dogo, wanda ya koyi Hausa a littafi, saboda haka da Bazamfare ya buɗe baki sai ya koma kallon Malam Jibril. Hanyarsu ta auna bincike mai sauƙi ce, har ta yi sauƙi da yawa. Sau ɗaya a shekara, da kaka, sukan aika da sanarwar ranar zuwansu, su zagaya gonakin gwaji, su ƙirga dammuna. Wanda tsibinsa ya fi girma shi ne bincikensa ya yi nasara, shi za a ci gaba da tallafa wa. In ka fara yi wa Alhaji Ummaru dogon bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce gani ya kori ji.

Bana Malam Uwaisu bai damu da wannan ba, don gani ɗin yake so a yi. Ya hana a girbe gonarsa ko da geron ya nuna. Da aka kira shi Gusau don ya yi wa kwamiti rakiya, ya bar ta a hannun Baba Labbo, ya ce a kore masa tsuntsaye kawai.

Tsafe aka fara zuwa. Suka cika motar Alhaji, suka wuce dutsen Kwatarkwashi, Dogo na naɗe da ƙafafunsa a kujerar gaba. Mai gwajin Tsafe wani matashin malamin gona ne, Lukuman, mai fara'a da farar riga. Shi ma Ɗan Ofis ya shuka, amma a wani fili da Fulani suka yi shekaru suna kwana da shanu a ciki, ƙasar baƙa wuluk da taki. A irin wannan wuri ko tsakuwa ka shuka sai ta yi ƙoƙari. Dammuna na jere, an share gefen hanya, an shimfiɗa tabarmi a inuwa. Alhaji Ummaru ya zagaya tsibin yana ta Masha Allah.

Malam Uwaisu ya ja Lukuman gefe ya tambaye shi ko akwai ƙuduji a filin.

Lukuman ya yi dariya. "Haba Malam, ina ni ina kai gwaji cikin ƙuduji? So kake a kore ni?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Yaro ne mai wayo wanda ya gane abin da ake so ya kawo shi. A hanyar komawa Malam Uwaisu ya gwada buɗe maganar, ya ce gobe abin da za su gani a Furfuri daban ne, yana roƙo su ba shi lokaci ya yi bayani a tsakiyar gona.

Alhaji ya ce, "Malam Uwaisu, ka cika magana. Bari mu kai, idanu su yi aikinsu."

Washegari da hantsi suka ɗauki hanyar Bungudu, lorin asusu na biye da su. Tun kafin su kai Furfuri suka fara jin ganga. Malam Uwaisu ya zaci biki ake yi a wani gida. Motar ta sha kwanar da ya saba hango jan furen ƙuduji daga nan, ya leƙa ta taga, bai ga komai ba. Ya ɗauka direba ya ɓata hanya. Sai da ya ga tsamiyar da yake jingine kekensa sannan ya gane nan ne.

Babu gero a tsaye. Babu ƙuduji ko ƙwaya ɗaya. An girbe gonar tas, an kwashe kara an jera a gefe, an share ƙasar har ana ganin sawun tsintsiya. Iyakar da ya yi damina yana tsayawa a kanta babu ita. A tsakiya an tara dammuna tsibi guda, ya fi mutum tsawo. Gari duk ya fito, maza cikin rigunan Juma'a, makaɗi na dukan ganga kamar zai fasa ta.

Malam Uwaisu ya sauko daga mota. Bai taɓa jin firgita irin wannan ba ko ranar da aka ce masa ubansa ya rasu.

Baba Labbo ya taho da saurinsa na tsufa, fuska cike da murna, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Malam, sannu da zuwa. Mun ji manya na tahe, munka ce wallahi ba mu bari a ga gonarka hakanan. Gayya munka yi ma. Gari duka na nan jiya, har surukaina na Kekun Waje sunka zo da gangarsu."

"Baba," Malam Uwaisu ya ce, muryarsa can ƙasa, "ƙudujin fa?"

"Mun tumɓuke, mun ƙone. Na san ka hana, Malam, amma wanga hani tsakaninmu na. Baƙi ba su san da shi ba, cewa za su yi raggo na kai, mu kuma mun zura ma ido. Kai baƙonmu na. In anka yi ma dariya, mu anka yi wa." Ya juya ya karɓo wani ƙunshi daga hannun wani, ya miƙa masa. "Ga itatuwanka, ko guda bai ɓace ba."

Turakun ne, an goge musu ƙasa, an ɗaure su da igiya tsaf. Malam Uwaisu ya rungume su bai san ya karɓa ba. Ya matsa kusa da tsibin. Gonarsa ba za ta ba da ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Daga sama dogayen zangarkun Zangon Arzika ne suke sheƙi. Ya zura hannu ƙasa ya zaro wata zangarniya, gero ne na gari irin wanda kowa ke nomawa. 'Yan ƙanƙanan na Ɗan Ofis sai da ya yi lalube kafin ya samo su, an cusa su can ciki inda ido ba zai kai ba.

Baba Labbo ya raɗa masa, "Kowa ya kawo abin da ya samu, don tsibin shi cika."

Alhaji Ummaru kuwa tuni ya zagaya sau biyu, babbar rigarsa na sharar ƙasa. Malam Jibril ya ƙirga, ya faɗa, lissafin ya zarce na Tsafe. Alhaji ya ɗaga wata doguwar zangarniya sama don kowa ya gani. "Kun ga Ɗan Ofis! Ƙasar da anka ce ta mutu, ku dubi abin da yay yi cikinta. Malam Uwaisu, ashe abin da kaka ɓoye muna ke nan? Allah shi yi ma albarka." Jama'a suka ɗauki sowa. Mata daga bayan danga suka rangaɗa guɗa.

Nan ne wurin magana, kuma Malam Uwaisu ya sani. Ya buɗe baki. Sai ya dubi dattawan da ke tsaye da kumburarrun hannuwa, waɗanda suka bar nasu girbin suka wuni a cikin nasa. In ya ce waɗannan dammuna ba na gonar nan ba ne, ya kira Baba Labbo maƙaryaci a gaban attajiri da Bature da surukansa na Kekun Waje. Tsohon ba zai sake ɗaga kai a garin ba. Malam Uwaisu ya rufe bakinsa. Ya ce a ransa zai faɗa a ofis, inda babu kunnen gari. Da Alhaji ya ba da umarni a loda tsibin a lori a kai sito a Gusau, bai hana ba, don dami muddin yana ɗaure ana iya rarrabe shi: doguwar zangarniya gefe, gajera gefe.

Bai samu ya faɗa da wuri ba. Daga Furfuri Alhaji ya wuce Funtuwa kan harkar gyaɗa, kwamiti kuma ba ya zama sai da shugaba. Malam Uwaisu ya yi kwanakin nan abinci ba ya shiga. Matarsa Hajjo ta ji a gari ana cewa mijinta ya ci gasa, ta rasa gane mai cin gasa da yake zama yana kallon bango.

Ran Litinin aka zauna, a wani ɗaki saman bene kusa da tashar jirgi. Alhaji Ummaru ya fara da albishir: tallafin baɗi na Malam Uwaisu ne, an ma ƙara masa, kuma za a raba Ɗan Ofis a ƙasar Bungudu da Tsafe kafin ruwan farko.

Malam Uwaisu ya miƙe. "Alhaji, a gafarce ni. Abin da kunka gani Furfuri ba sakamakon gwaji ba ne. Ɗan Ofis ya mutu cikin gonar nan. Zangarniyar da kaɗ ɗaga sama, tsohon geron garin ta."

Ya faɗa musu duka, tun daga turaku har gayya. Malam Jibril ya ajiye alƙalami. Dogo ya dubi wannan ya dubi wancan, har aka fassara masa, sannan fuskarsa ta yi ja har kunne.

Alhaji Ummaru ya gyara zama. Ya ce, "Tsaya. Kana nufin da gangan kaz zaɓi gona mai ƙuduji? Da gangan kab bar shi yay yi hure? Damina biyu muna ɗauke da kai kana kiwon ciyawa?"

"Alhaji, aike na kunka yi in gano ko irin nan na da amfani ga talaka. Gonar talaka ita ad da ƙuduji. Na gano ba shi da amfani gare shi, na kuma gano wanda ad da shi. Wannan shi na aikin."

"Aikin shi na a ga hatsi!"

A nan Malam Jibril ya sa baki, a hankali, yana duban teburin. Ya ce shi a ganinsa laifin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Su ne suke aika sanarwa kafin su zo, su ne suke zuwa bayan komai ya wuce, su ne ba sa tambayar komai sai yawan dami. Duk mai hankali da ya san haka zai kai gwajinsa makwancin shanu, kamar yadda Lukuman ya yi, kuma duk garin da ke son malaminsa zai cika masa tsibi. Ya ce da za su riƙa zuwa tsakiyar damina ba sanarwa, su tambayi mai bincike me ya nema, a wace ƙasa, me ya samu, su kuma yarda cewa "bai yi ba" ita ma amsa ce da ta cancanci lada, da ba a kai ga haka ba.

Maganar gaskiya ce, amma ta zo wa Alhaji a mummunan lokaci. Mutumin da ya ɗaga geron ƙauye sama a gaban jama'a yana kiransa Ɗan Ofis ba ya cikin halin karɓar darasi. "Malam Jibril, rubuta shawararka, a duba baɗi. Yanzu ga abin da ag gabanmu. Idanu shida sun ga tsibi. Baki ɗaya ya ce ƙarya na. In munka bi idanunmu, Malam Uwaisu ya ci, shi karɓi tallahi mu tashi. In munka bi bakinai, to an yi muna algus cikin gonatai, shina tsaye bai ce uffan ba. Shi zaɓa."

Dogo ya ce, ta bakin Malam Jibril, shi ya yarda da malamin, amma ina shaida? Gona an share, turaku an cire. Ko a ƙasarsu, in ji shi, ba a son takardar da ta ce abu bai yi ba, balle wadda babu abin nunawa. Ya ba da shawara a sake gwajin shekara guda. Alhaji ya tambaye shi wa zai biya, Dogo ya koma duban takalminsa.

Malam Uwaisu ya dubi su ukun ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna Hajjo, ya tuna 'yan'uwansa masu tebur da abin da za su ce. Duk da haka ya ce, "Ku bi bakina, Alhaji."

Aka bi bakinsa, amma rabi. Aka janye tallafinsa aka ba Lukuman, tunda gonar Tsafe babu wanda ya ce an yi mata ciko. Ɗan Ofis kuwa za a raba shi yadda aka shirya, don gona ɗaya ta nuna yana da kyau, ɗayar kuma ba ta nuna komai ba. Wanda ba ya so kada ya karɓa, in ji Alhaji. Malam Uwaisu ya tsaya yana mamakin yadda aka yarda da shi har aka hukunta shi, amma ba a yarda da shi har a fasa rabon ba.

Ya haɗiye wannan. Ya ce roƙonsa ɗaya ne: a ba shi mabuɗin sito ya ware dammunan Zangon Arzika, ya mayar wa mutane nasu.

Alhaji ya dubi Malam Jibril. Malam Jibril ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce, muryarsa ta ɗan sauka, "Ai ni ba ni barin aiki shi kwana. Kahin in tahi Huntuwa nis sa anka ɗauko mata. An sussuke, an sheƙe, an gama da na Tsahe, an ɗinke buhuhuwa."

Malam Uwaisu bai san yadda ya sauko daga benen ba. Ya je siton, mai gadi ya buɗe masa. Buhuna ne a jere har rufi. Ya farke bakin ɗaya ya nutsa hannu, ya ɗebo, ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ƙwayar gero ce kawai, wannan kamar waccan. Ko Arzika da kansa ya tashi daga kabari ba zai iya tsince nasa a ciki ba. Garin neman gira an rasa ido, kuma shi da mutanen da ke ƙaunarsa suka haɗu suka yi. Ya zauna a kan buhu.

Abu ɗaya ya tashe shi daga wurin. Ba duka irin Zangon ne Baba Labbo ya ba shi ba. Ragowar tsohon ya shuka a ɗan filin bayan gidansa, inda yake ganinsa daga ƙofar ɗaki. Da wannan za a iya farawa daga farko, ko da asusu ko babu. Zai gaya wa mutanen Furfuri kada su karɓi abin da za a kawo, su lallaɓa da geronsu na gari, a riƙa yawaita na bayan gidan a hankali.

Da sassafe ya hau keke. Ya tarar da Baba Labbo a ƙofar gida yana tufkar igiya. Daga cikin gida ana jin tafin hannu a kan laka: matarsa, Inna Saude, tana shafe wani ɗan ƙaramin rumbu. Aka gaisa, aka kawo fura, Malam Uwaisu ya kurɓa don kada a ce ya ƙi.

Baba Labbo ne ya riga shi. "Manya sun gama dubawa, Malam? Sun ji daɗi dai ko?"

"Sun gama, Baba."

"Madalla. To yaushe za a maido muna? Mutane sun hwara tambayata. Na ce masu su kwantar da hankali, kayan aro na. Kamar tasoshin da mata ka ara ranar biki, in baƙi sun watse kowa shi ɗauki nashi."

Sai a lokacin Malam Uwaisu ya gane abin da ya sa babu wanda ya ce komai da ana loda lori. Ya ajiye ƙwaryar. "Baba, kowa yak kawo dami, ni zan biya shi. Ko a hankali ne."

Tsohon ya yi dariya, ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. "Na mutane ba komi, gero gero na, ko wane anka ba su sun karɓa. Nawa dai nika so a yi hattara da su."

"Naka wane?"

"Na bayan gida mana. Zangon. Da munka tara tsibin nig ga samanai bai cika ido ba, naka dogayen ba su isa su ruhe shi ba. Nic ce ma yara su tai su yanko nawa."

Malam Uwaisu ya matso kusa da shi. "Duka, Baba?"

"Duka mana. Ana ara ma mutum rabin riga? Kada ka damu, na ɗaure su da kaba biyu-biyu, ba su ɓacewa cikin na kowa. Ka dai ce ma mai sito kada shi aje su ƙasa, gara ta shiga. Ga rumbun da za a zuba shi can Saude na shahewa. Shi na nika so in raba ma gari baɗi, kowa ko cikin tahi guda shi samu."

Ya ɗago yana jiran amsa, fuskarsa a sake, igiyar na hannunsa. Malam Uwaisu ya nemi wata hanya da zai bi ya faɗa, bai samu ba.

"Baba, an sussuke. An gama shi da Ɗan Ofis da na Tsafe, cikin buhu."

Hannun tsohon ya tsaya. Ya dubi Malam, ya dubi bakinsa, kamar wani yare ya yi masa.

"Duka?"

"Duka."

Baba Labbo bai yi salati da ƙarfi ba, bai zagi kowa ba. Ya ajiye igiyar a gefe a hankali. Daga ciki tafin lakar na ci gaba, Inna Saude har da 'yar waƙarta. Tsohon ya daɗe yana saurare. Sannan ya juya kai wajen zaure ya ɗaga murya, muryar ta karye a tsakiya.

"Saude! Bar shahen rumbun nan."